Gaurakan da Baba Ya Kora

"Baba, in ba ka tsaya cak ba, wallahi allurar nan za ta shige ka."

"To ai a tsaye nake. Bakina ne kawai ke motsi."

"Shi ɗin nake nufi."

Yana tsaye a tsakiyar shagona, hannuwa a ware, na lulluɓe shi da yadi mai ruwan toka tun daga ka har idon sawu. Shekara goma sha huɗu ina kan keken ɗinki. Na yi wa amare, na yi wa 'yan makaranta, har labulen ofis na ɗinka, amma ban taɓa karɓar aikin da aka ce mini kada a gane mutum ne a cikinsa ba sai wannan. Ba kafaɗa, ba wuya, ba ƙugu. Wajen fuska baƙar raga ce ninki biyu, hannun dama kuma ya ƙare da kan tsuntsu na roba, mai baki da tsini da tukku ruwan zinare wanda na haɗa da gashin burushin fenti. Maƙwabciyata mai sayar da takalma ta leƙo za ta ari almakashi, ta ga abin da ke tsaye, ta ja salati ta koma. Har yau ba ta sake zuwa aro ba, don haka rigar ta yi mini rana tun kafin ta bar shago.

Rigar ta masu kiwon gauraka ce a cibiyar kula da tsuntsaye da aka buɗe a bakin fadama, bayan gari. Likitar dabbobin da ke riƙe da wurin, wata siririyar mata mai gilashi wadda kowa ke kira Likita, ita ta kawo mini zanen a takarda ta ce a ɗinka guda shida. A tsaye ta yi mini bayani, don ba ta iya zama ba. Tsuntsun da za a mayar daji bai kamata ya saba da mutum ba. Kada ya ga fuska, kada ya ji murya, abinci ma daga bakin robar nan zai karɓa. In ya yarda da mutum ɗaya ya yarda da kowa, alhali ba kowa ne ke shiga fadama da alheri ba. Ɗaya daga cikin rigunan ta Babana ce, don shi ma an ɗauke shi aiki a can.

Da na gaya wa Inna cewa dokar rigar ita ce ba a magana a cikinta, sai da ta ajiye tsintsiya ta zauna don ta ji daɗin yin dariya.

"Ubanku? Mutumin da ke gaida akuyar maƙwabta har ya tambaye ta gajiya? Ku dai ku ɗinka, mu kuma mu zuba ido."

*

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a gidan wani attajiri da gari ke kira Mai Benaye. Aikinsa kula da tsuntsayen ado. A gidaje irin wannan, bayan motoci da fitilu da famfon da ke tsartuwa a tsakiyar ciyawa, sai an ga gauraka yana taku a tsakar gida kafin a ce arziki ya cika. Baƙi su zo su ɗauki hoto, su ce kai, Allah ya yi halitta. Ba wanda ke tambayar yadda aka yi tsuntsu mai fuka-fukai kamar tabarma yake zaune a filin da ba rufi bai tashi ba.

Ni na sani, don ni ke riƙe masa su ina yarinya. A kwali ake kawo su, 'yan tsaki, an kwaso daga sheƙa a fadama. In an kawo biyar, da ƙyar biyu su kai mako. Wanda ya rayu, sai Baba ya dafa almakashi a ruwan zafi, ya ware fiffike ɗaya, ya lalubo gaɓar ƙarshe da yatsa ya datse. Ba gashi ake yankewa ba, ƙashi ne, kuma ba ya sake tsirowa. Yana yi yana ba shi haƙuri: "Sannu, sannu, an gama, laifina ne." Daga nan ya sa tsakon a aljihun gaban rigarsa, ya yini da shi yana ba shi fara da hannu yana masa hira. Haka ya yi wa goma sha ɗaya. Kuma yana son su, kada wani ya ce ba ya so. Ni da ƙannena mun sha jin haushin yadda yake sanin wanne ne bai ci abinci ba a cikinsu, mu kuwa sai Inna ta tuna masa ajin da muke a makaranta.

Kowace safiya yakan tsaya a bakin ciyawa ya yi musu fito: gajere biyu, sannan dogo ɗaya mai lanƙwasa a ƙarshe. Ko suna ina sai su taho da gudu, fiffike ɗaya a buɗe, ɗaya a dungule.

Na goma sha biyu ya zo Baba ya tsufa. Ya dafa almakashin, ya ware fiffiken, hannu ya ƙi. Sai ya rage gashin kawai, ya shafa jan magani a tsumma ya ɗaure wurin, ya je ya ce wa maigidan an gama. Ya sa masa suna Auta. Shekara biyu yana bin sa a ɓoye yana rage gashin duk lokacin da ya tsiro, don kada wata rana a ga tsuntsun maigida a kan katanga asiri ya tonu.

Sai zamani ya juya. Aka kafa doka a kan ajiye namun daji a gida, kuma abin mamaki, aka bi ta. Ma'aikatan gandun daji suka fara shiga gidajen da a da ko ƙofarsu ba sa iya kallo. Mai Benaye, da yake ba a banza ya yi benayen ba, bai jira an zo masa da takarda ba. Ya kira 'yan jarida, ya sa sabuwar riga, ya ce ya sadaukar da tsuntsayensa saboda 'yan baya. Bakwai suka rage a lokacin. Aka loda su a mota, Baba ya bi motar a kan kekensa har bakin fadama ba wanda ya gayyace shi.

Likita ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafa fiffike tana girgiza kai. Da ta zo kan Auta ta daɗe tana lalube.

"Wa ya yanke wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe," in ji Baba.

"Ba ka yanke ba."

"To... ban yanke ba."

Ta cire gilashi ta dube shi. "Baba, shidan nan har su mutu a cikin shinge za su zauna, ba yadda zan yi da su. Wannan kuwa zai iya komawa gida. Kana son aiki?"

*

Wanda ya san fadamar nan shekara goma da suka wuce ba zai gane ta yanzu ba. Da can juji ce: leda, tsofaffin tayoyi, da baƙin ruwan da ke gangarowa daga masana'antu. An kwashe sharar, an toshe magudanar, an bar ruwa ya koma inda ya saba kwanciya. Manoman gefen da masunta, waɗanda wasunsu da hannunsu suka kwashi ƙwai a da, su ne yanzu ke kafa sanda mai jan ƙyalle kusa da kowace sheƙa suna gadi bi da bi. Wani tsohon masunci ya tare Baba a ranarsa ta farko ya ce, "Ba ka gane ni ba? Ni ne mai kawo kwali ta ƙofar baya." Baba ya ce, "Na gane ka mana, ba ni ne mai karɓa ba?" Suka gaisa hannu biyu-biyu, kowa ya kama aikin gabansa.

Likita ta ce shekarar da ta zo gauraki tara ta ƙirga a duk faɗin wurin, bana kuwa hamsin da uku, kuma ta faɗi lambar kamar mai faɗin sunan ɗanta. Ni ba ma'abociyar tsuntsu ba ce, kaza ma sai a tukunya take ba ni sha'awa. Amma ranar da na kai rigunan na ga garken ya sauka a kan ruwa da hantsi, sai da na manta ina ɗauke da kaya.

Aka sa Auta a babban shingen raga tare da wasu matasan gauraki huɗu da aka ƙyanƙyashe a cibiyar, daga ƙwan da aka ƙwato a hannun masu fasa-ƙwauri. A takarda sunansa Lamba Biyar. Baba ya ce takarda ta ji da kanta.

Mako guda da fara aiki ya dawo mini da rigarsa a leda.

"'Yar nan, ragar nan tana toshe mini numfashi. Ɗan tsaga mini nan, daidai baki. Kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu."

"Likita ta ce ninki biyu, Baba, kuma a rufe."

"Likita yarinya ce, huhunta sabo ne. So kike a fito da ni a kwance?"

Na tsaga. Har na bi gefen da ɗinki mai kyau don kada ya zare. Wani abu ya ɗan ɗarsu a zuciyata, amma na ce mata ta yi mini shiru, uba ne ya ce yana son iska.

*

Bayan wata uku gashin Auta ya cika, ya fara gwada tashi iyakar abin da rufin raga ya bari. Likita ta ce in zo in ga gwajin farko, tunda da hannuna a aikin. Gwajin ba wuya. Wani baƙo, ma'aikaci daga wata cibiya, zai shiga shingen da kayan gida, fuska a buɗe. Tsuntsun da ya gudu ya ci jarrabawa. Muka laɓe a wata bukkar katako mai 'yar taga, ni da ita da Baba.

Mutumin na shiga, huɗun nan suka watse zuwa ƙarshen shingen suna kuka. Auta ya miƙe wuya, ya karkata kai, ya tako cikin yanga irin ta ɗan gidan masu kuɗi, ya zo ya zura baki a aljihun mutumin yana neman fara.

Likita ta fita, muka bi ta zuwa ɗakin da ake rataye rigunan. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana ɗaga ragar fuska har ta zo kan ta Baba. Ta zura yatsa biyu a tsagar, ta duba ɗinkin gefen, sannan ta dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Magana kake masa, Baba?"

"Ba magana ba ce. Ɗan fito ne, ƙasa-ƙasa. Kwana uku fa bai ci komai ba da aka kawo shi, ranki ya daɗe. Ya waiwaya nan dodo ruwan toka, ya waiwaya can dodo, ba wanda ya sani. Da na yi masa sau ɗaya sai ya ci. Ni in ga yaro da yunwa in yi shiru?"

"Na sani. Ban ce ba ka son sa ba." Ta mayar da rigar kan ƙusa. "Saura mako shida ruwa ya ja baya, garken ya koma ƙetaren fadama. Lokacin zan saki waɗanda suka shirya. In har ranar yana zuwa wurin mutum, ba zan bar shi a daji ba, don ba zan kai wa masu tarko tsuntsu har hannu ba. Zai koma wurin shidan nan, shi ke nan. Kuma ka fi ni sanin gauraka yana daɗewa. Shekara ashirin a bayan waya ba abin mamaki ba ne."

A hanya Baba ya yi ta faɗa shi kaɗai. Wai ilimin takarda daban, sanin tsuntsu daban. Wai wane marar imani ne zai cuci tsuntsun da ya zo gaishe shi. Na bar shi, don ni ma ina da nawa laifin da nake taunawa.

*

Kwana biyu bayan haka, yana zaune a bencin ƙofar shagona da la'asar yana ba mai takalma labarin da ba ta tambaya ba, sai wata doguwar mota ta tsaya. Direban Mai Benaye ne, mutum mai fara'a da yawan rantsuwa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi Inna, ya yaba ɗinkina, sannan ya matso.

"Baba, gidan fa ya yi shiru. Maigida ba ya faɗa, amma sai ka gan shi ya tsaya yana kallon ciyawar nan ba kowa a kanta. An ce za a saki ɗan autan naka?"

"Haka ake fata."

"To ai in an sake shi ya zama na Allah, ba na hukuma ba. Akwai mutanen da suka san hanya. A gidan gona za a ajiye shi, ba mai gani. Wannan karon a yanke da kyau, ka dawo ka ci gaba da kula da abinka. Ba ka huta da rigar dodo ba?"

"Ba da ni ba," in ji Baba.

Direban ya yi dariya, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Ai ba ma sai an wahalar da kai ba, wallahi girmamawa ce ta kawo ni." Ya tsuke baki ya yi fito: gajere biyu, dogo ɗaya, har da lanƙwasar ƙarshen. Ko ni da na tashi da fiton nan a kunne, da ban ga bakin da ya yi ba da na rantse Baba ne. "Shekara nawa ina wanke mota kana yi a bayana? Mai gadi ma ya iya. Mai shara ya iya."

Ya shiga mota ya tafi. Na jira Baba ya fara zagi, ko addu'a, ko labarin yadda ya san direban tun ba shi da gemu. Ya zauna yana kallon tafin hannunsa har na rufe shago, kuma shirun nan ya ba ni tsoro fiye da duk wani ciwon da ya taɓa yi.

Washegari da sassafe ya ce in raka shi cibiya. Muka tarar da Likita tana wanke bokitai. Ya kwashe yadda suka yi da direban ya gaya mata, ta ce yau ɗin nan za ta sanar da masu gadin fadama.

"Masu gadi ba za su tsare kowane lungu ba," in ji shi. "Fiton nan ni na ɗaura masa, ni zan kwance. Ki bar ni in shiga da fuskata in kira shi. In ya zo, a yi masa abin da ba zai manta ba. Gobe ma haka, jibi ma haka, har ya gane duk mai wannan fiton mugu ne."

Likita ta ajiye bokitin. "Akwai wannan hanyar, muna yin ta. Tun ranar gwajin nake tunaninta, na kasa buɗe baki in roƙe ka. Ka san in ta yi aiki, kai zai fi tsana a duniya?"

"Ai ni ya kamata ya tsana. Sha ɗaya na yanke."

*

Na je ranar farko, kuma na yi da-na-sanin zuwa. Baba ya shiga da tsohuwar rigarsa ta aiki mai aljihun gaba, ya yi fiton. Auta ya taho da gudu, fuka-fukai a buɗe, yana 'yar rawar da suke yi in sun ji daɗi. Yana isowa ma'aikata biyu suka fito daga bayan ciyawa suna dukan garwa da ƙarfe, Baba ya warware wani baƙin buhu ya yi kansa yana ihu yana jifansa da curin laka. Tsuntsun ya yi baya ya faɗi, ya tashi, ya tsaya can nesa yana kallonsa da ido ɗaya. Sai kuma ya sake takowa a hankali, kamar mai cewa wataƙila kuskure aka yi. Sau uku Baba ya sake korarsa a safiyar nan.

Da ya fito ya wuce mu ya tafi bayan tankin ruwa. Na yunƙura zan bi shi, Likita ta riƙe hannuna ta ce in bar shi.

Abin da ba mu kawo a rai ba shi ne shidan nan masu yankakken fiffike. Shingensu na bayan na Auta, kuma su ba wanda ya gaya musu an sauya wa fiton ma'ana. Duk lokacin da Baba ya yi, sai su taho su jeru a jikin waya suna jiran fara. Likita ta ce su ba komai, ba inda za su, yana iya shiga wurinsu da fuskarsa ya yi musu hira son ransa. Ya ce sai ya gama tukuna, don Auta na iya hangowa ya ce ashe mutumin bai sauya ba.

Haka aka yi ta yi, ba kullum a lokaci ɗaya ba, ba kullum a kusurwa ɗaya ba, wani lokacin ma wani ma'aikacin ne zai yi fiton. Rana ta biyar Auta ya zo. Rana ta tara ya zo rabin hanya ya tsaya. A mako na uku ya koma amsa fiton gaba ɗaya kamar ba a taɓa korarsa ba, Baba ya dawo gida ya kwanta da takalmi a ƙafa. Abinci sai Inna ta tsaya a kansa. Ya rame har sai da na rage masa ƙugun wando.

"Shekara arba'in ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi shiru in ji kunnena," Inna ta ce mini tana wanke kwanuka. "Ga shi an amsa, ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Jiya ni ce har da jan sa da hira." Ta ɗauraye kwano ta kife. "Amma ki bar shi ya gama. Tun da ya kama aiki a gidan Mai Benaye, duk ranar da ya yi yankan nan ba ya iya cin abinci. Bai taɓa faɗa ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ban san yana da wannan ƙarfin halin ba, wallahi ban sani ba."

Ni dai abin da na iya shi na yi. Na karɓo rigar tokar, na cire ragar gaba ɗaya na sa sabuwa, ninki uku.

*

Ruwa ya ja baya. Aka sa wa biyar ɗin zobe a ƙafa, na Auta kore, aka kai su ƙetaren fadama a akwatunan katako aka buɗe kusa da garken. Likita ta ce a ba su kwana uku, sannan a yi gwajin ƙarshe a fili. Baba zai tsaya a kan gaɓa, fuska a buɗe, ya yi fito sau uku. Ma'aikata biyu za su kwanta cikin ciyawa da raga. In Auta ya zo, su kama shi a mayar da shi shinge.

Da hantsi muka isa. Wasu daga cikin manoma da masuntan da ke gadin sheƙa suka biyo mu, suka tsaya nesa. Garken na kiwo a ruwa marar zurfi, tukkayensu na ƙyalli a rana. Likita ta ba ni madubin hangen nesa, na lalubo koren zoben can gefen dama. Yana tsintar abinci a tsakanin 'yan uwansa, ba ka ce a gidan bene ya tashi ba.

Baba ya sunkuya ya ɗebi laka ya cura. Likita ta dafa hannunsa.

"Yau ba jifa, Baba, ba ihu. Shi zai zaɓa."

Ya gyaɗa kai, amma bai yar da lakar ba. Ya hau gaɓar, ya gyara tsayuwa, ya yi na farko.

Duk garken ba wanda ya kula sai ɗaya. Auta ya ɗaga kai, wuya a miƙe.

Baba ya yi na biyu. Auta ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci gaɓar. Ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, ruwa na ɗiga daga zoben. Na ji Likita tana cewa "a'a, a'a, a'a" ƙasa-ƙasa. Ciyawar da ma'aikatan ke ciki ta motsa. Na sauke madubin na dubi Baba, na ga ya runtse ido gam. Ya tsuke baki, iska kawai ta fito. Ya lashi leɓe ya sake, wannan karon ya fita, gajere biyu da dogo, har ƙarshensa.

Auta ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Sai ya saki wani kuka mai kauri da ban taɓa jin ya yi ba, ya juya, ya yi gudu taku uku a kan ruwa, ya buɗe fuka-fukan nan biyu, cikakku, fari da baƙi da ruwan ƙasa, ya ɗaga. Kukan ya tada sauran. Garken gaba ɗaya ya tashi, iskar fuka-fukansu har fuskarmu, suka yi sama suka karkata yamma, har koren zoben ya ɓace mini a cikinsu.

Manoman suka ɗau tafi da sowa. Likita, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba, ta zauna daɓas a laka tana dariya tana share gilashi da gefen riga. Na hau gaɓar da gudu. Baba na nan yadda yake, ido a rufe. Duk tsawon rayuwarsa yana kiwon gauraka bai taɓa ganin nasa a sararin sama ba, yau ɗin ma bai gani ba.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Baba. Da su duka."

"Da kyau yake tashi? Ba ya karkata gefe ɗaya?"

"Ko kaɗan."

Ya buɗe ido ya dubi sama, ba komai sai gajimare. Ya daɗe yana dubawa.

"Ya waiwayo?"

Na so in yi masa ƙarya, har ta zo bakina.

"Bai waiwayo ba."

"Madalla," in ji shi. "Yaron kirki."

Muka gangaro. Mutane na ta miƙo masa hannu, yana ba su na hagu yana ba da haƙuri, don na daman a dunƙule yake. Sai da muka zauna a bayan motar cibiyar na buɗe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Lakar ta bushe a tafinsa, ta ɗauki shatin yatsunsa, na rasa ko in zubar ko in bar masa.